Kawu Mai Mita da Ajin Talata

Shekara talatin da ɗaya Kawu ya yi yana shiga gidajen mutane yana ɗaga murfin mitar ruwa. Ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun ina 'yar firamare ban taɓa jin wani a unguwarmu ya kira shi da sunan yanka ba. Mai Mita ake ce masa. Yanzu ya haura tamanin, gwiwoyinsa sun ƙare a tsuguno, babban yatsansa na dama ya yi kanta saboda goge gilashin mita.

Yana da irin nasa aikin, wanda ya sa abokan aikinsa suka tsane shi. In ya shiga gida ba ya rubuta komai sai ya kira mai gidan ko matar gidan sun tsaya a kansa. Sai ya karanta lambar da ƙarfi, ya sake karantawa, ya jira a ce masa “mun ji”. Sannan ya zaro biro daga bayan kunne. Gidan da wani zai gama cikin minti ɗaya, shi sai ya yi biyar. Ya sha ganin abokan aikinsa a bencin mai shayi suna cike katin layi guda daga kansu ba su taka ƙofar kowa ba, shi ya sa bai taɓa ganin girman takarda ba. Cewa yake yi duk abin da aka zuba mata karɓa take yi, ba ta tambaya. A wurinsa magana ita ce wadda aka faɗa da baki a gaban mutum, mutumin ya amsa.

Ni kuwa shekarata ashirin da biyu a tagar ba da kati a asibiti. Na san mutumin da ba shi da takarda, ko yana tsaye a gabanka yana tari, babu shi. Mun sha yin wannan musun da Kawu. Mai Kati yake kirana, yana cewa ni ce irin mutanen da suka ɓata duniya.

Gidansa ɗaki uku ne da tsakar gida da famfo ɗaya. 'Ya'yansa biyu maza. Babban shi ne Injiniya, yana can wani gari mai nisa, a bene hawa huɗu. Ƙaramin ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya bar matarsa, Allah bai ba su haihuwa ba. Amarya muke kiranta tun ranar da aka kawo ta, har yau da furfura ta cika mata kai ba a sauya ba. Iyayenta sun rasu, gidansu an raba an sayar. Da ta gama takaba ba wanda ya ce ta tafi, ba wanda ya ce ta zauna. Matar Kawu tana kwance a lokacin, sai ta ci gaba da jinyarta. Da ita ma ta rasu, ta koma kan Kawu. Ita ke dafa masa, ita ke wanke masa, ita ta san wace ƙwaya ce ta safe wace ce ta bayan abinci.

Bara da rani Kawu ya fita da safe da tsohuwar hularsa ta aiki, ya yi sallama gidan maƙwabta, ya tsuguna ya ɗaga murfin mitarsu. Shekara ashirin ke nan da yin ritayarsa. Matar gidan ta tsaya ta ce masa “mun ji”, Allah ya saka mata, sannan ta rako shi gida. Na kai shi wurin likitan da nake ba marasa lafiyarsa kati. Likitan bai ɓoye mini ba. Ya ce abin zai riƙa gaba ne, ba zai dawo baya ba, in akwai abin da za a shirya a shirya yanzu yana cikin hayyacinsa.

Na kira Injiniya na gaya masa. Taubashina ne, ba na tauna masa magana.

Ya ce, “To ai shi ke nan. Ƙarshen shekara zan zo in ɗauke shi, a rufe gidan.”

Na ce, “Ka ɗauke shi zuwa hawa huɗu? Da waɗanne gwiwoyin?”

“Za a san yadda za a yi.”

“Amarya fa?”

Ya ce, “Ai tana da dangi.”

Na ce masa ya lissafa mini su. Ya ce ana kiransa a ɗaya layin.

Ba mugu ba ne. Mutum ne da ya gaji, yana son ya warware abu daga nesa da waya ɗaya. Amma na san in ya zo da mota, ba wanda zai tambayi Kawu, ba kuma wanda zai tambayi Amarya, domin a takarda ita ba kowa ba ce a gidan.

A wannan lokacin ne wata ƙungiya ta buɗe wa tsofaffi aji a ɗakin taron unguwa, wanda ke bayan shagunan masu walda. Kujerun roba arba'in, fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. Ranar Talata wani malamin makaranta mai ritaya yana zuwa da na'urar ɗaukar murya, tsofaffi suna ba shi tarihin unguwa. Ranar Alhamis wata lauya tana zuwa tana koya musu yadda mutum ke shirya al'amuransa kafin ƙarfi ya ƙare: wasiyya, da takardar wakilci, wato wadda mutum zai zaɓi wanda zai yi magana a madadinsa ranar da ya kasa. Saboda Alhamis na rubuta sunan Kawu. Shi kuwa Talata ta tafi da shi.

Malamin tarihi masu mulki yake nema da manyan gobara da ambaliya. Kawu ya ba shi bututu. Ya gaya masa gidan da aka fara sa wa famfo da yadda mata suka yi layi don kawai su ga ruwa na fitowa daga ƙarfe. Ya gaya masa inda tsohuwar rijiya take a ƙarƙashin shagon mai sayar da taya, da dalilin da ya sa layinmu ya karkace, wai wata tsohuwa ce ta zauna a bakin ramin masu haƙa ta ce ba za a sare mata itacenta ba, aka kewaye ta da bututu. Tsofaffin da ke gyangyaɗi suka farka suna gyara masa, yana gyara musu. Ranar Talata tun da hantsi yake sa hula.

Ranar Alhamis kuwa sai Amarya ta lallaɓa shi. Lauya ta raba musu fom. Na ga nasa a gida an ninke shi huɗu an tokare ƙafar tebur da shi.

Na ce, “Kawu, wannan fa?”

Ya ce, “Wannan rara ce. An gama maganar nan tuni.”

“An gama? Ka tabbata?”

“Sau biyu na faɗa, aka ce an ji. Ke dai Mai Kati ba ki yarda da kowa.”

Na ɗauka lauya yake nufi. Ban tambaya ba. Ina tashi aiki ƙarfe huɗu da ciwon baya, ga nawa gidan, ga ɗan autana da ya ƙi karatu, sai na karɓi amsar da ta fi mini sauƙi. Wata uku na yi ina barci a kan wannan amsar. In zan zagi mutane a rubutun nan, kuma zan zage su, to da kaina zan fara.

Da ajin tarihi ya kammala zangonsa aka sa ranar da za a kunna wa iyalai muryoyin. Kawu ya nace sai Amarya ta zo, ya sa ta ɗauko mayafinta na fita unguwa, ya zaunar da ita a layin gaba kusa da shi. Ni ma na nemi izini a wurin aiki. Aka kunna na tsohon direba, aka kunna na ungozoma, aka zo kan Kawu. Minti uku a kan famfon farko da tsohuwa mai itace. Mutane suka yi dariya, suka tafa. Malam ya miƙa hannu zai sa na gaba.

Kawu ya ce, “Saura.”

Malam ya ce, “Shi ke nan naka, Baba.”

“A'a. Saura maganar Amarya.”

Malam ya rage murya ya ce ai wannan maganar cikin gida ce, ya ga bai dace a kunna ta a bainar jama'a ba, shi ya sa ya cire ta.

Kawu ya dube shi kamar wanda aka kama yana cike kati a bencin mai shayi. “Na faɗa maka sau biyu. Na ce ka ji? Ka ce ka ji.”

“Na ji mana, Baba. Amma ni tarihi nake tarawa.”

A nan na gane. Kawu bai taɓa yi wa lauya magana ba. Ya ga na'ura mai riƙe murya yadda aka faɗe ta, ba mai iya ƙara mata sifili, ga mutum zaune a gabansa yana amsawa. A hankalinsa an kawo masa abin da ya fi takarda. Duk abin da lauya take roƙonsu su rubuta ranar Alhamis, shi ya kwashe ya zuba wa na'urar Talata.

Amarya ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ni kuwa na jira aka watse, na tsare Malam a bakin ƙofa. Ba zan maimaita duk abin da na faɗa masa ba. Na tambaye shi, tsoho ya zauna a gabanka ya ce ga wadda zai bar wa ɗaki, ga wadda yake so ta riƙe shi in hankalinsa ya gushe, kai ba ka ji a jikinka cewa ba tarihi yake ba ka ba? Ɗaki ɗaya kuke amfani da shi da lauyar nan, kujeru ɗaya, makulli ɗaya kuke karɓa a wurin mai gadi. Kwana biyu ne tsakanin Talata da Alhamis. Me zai ci ka ka bar mata 'yar takarda a kan tebur?

Ya ce bai taɓa haɗuwa da ita ba. Wata shida suna koyar da tsofaffi iri ɗaya, bai san fuskarta ba. Ya ba ni haƙuri, ya kuma nemo mini asalin muryar da bai yanka ba, ya tura mini a waya.

Minti tara ce. Kawu ya fara da sunansa cikakke da lambar gidansa, kamar mai karanta mita. Ya ce yana so ya mutu a gidansa. Ya ce in ya daina gane abu, Amarya za a tambaya. Ya ce ɗakin da take ciki nata ne har ta koma ga Allah, kada wanda ya ɗaga ta. Sai ya sake faɗa daga farko. A ƙarshe ana jin Malam yana cewa “na ji, Baba, na ji”, da muryar mai son a koma kan rijiya.

Na kai wa lauya ranar Alhamis. Mace ce siririya mai tabarau, kyauta take wannan aikin, daga nan kotu take wucewa. Ta saurara har ƙarshe da wayar a kunnenta. Ta ce muryar za ta taimaka wajen nuna abin da yake so, amma kada in dogara da ita. Ba shaidu, ba sa hannu, duk wanda ya so zai ce tsoho ne yake ta surutunsa a ajin hira. Ta ce takarda biyu ake bukata, ta wakilci da ta ɗaki, kuma sai ta gamsu da kanta cewa ya san abin da yake sa wa hannu. In kawo shi mako mai zuwa da safe, da wasiƙar likita da shaidu biyu.

Na samo wasiƙar. Na roƙi tsohon direba da mai sayar da taya su zama shaidu. Amarya ta ce ita ba za ta shiga ba, kada a ce ita ta kitsa, ta zauna a waje a kan dakali.

Lauya ta fara da tambayoyinta. Yau wace rana ce? Kawu ya ce Talata. Wace shekara muke ciki? Ya faɗi wadda ta wuce da shekara goma sha biyar. Na ga ta ajiye biro.

Na ce mata, “Ki fita ki tambayi masu waldan nan kwanan wata, in rabinsu sun sani ki kore mu.”

Ta ce, “Hajiya, don Allah ki zauna. In kika sa baki, takardar ta lalace tun ba a rubuta ta ba.”

Na zauna. Ta cire tabarau ta murza idonta, ta jawo kujerarta kusa da shi.

“Baba, bar maganar shekara. Me ya kawo ka wurina?”

“Mai Kati ce ta ce sai an sake. Wai na faɗa wa wanda ba shi ba.”

“Me ka faɗa?”

Ya faɗa mata, kusan kalma da kalma yadda yake a waya.

“Wace ce Amarya a wurinka?”

“Matar ɗana ce, marigayi. Tana waje, kunya take ji.”

“Kana da ɗa a raye. Me ya sa ba shi ba?”

Kawu ya yi ɗan murmushi. Ya ce, “'Yata, kin san kowane gida akwai makullin ruwa, wanda in bututu ya fashe shi ake murɗawa? Na shiga gida ya fi dubu. Ban taɓa tambayar mai gida inda yake ba, ba su sani ba. Wanda ke kwana yana tashi a gidan nake tambaya. Injiniya ɗana ne, ina sonsa. Amma in bututu ya fashe kafin ya iso ruwa ya ci gidan.”

“In ka sa hannu, ka san ita za ta ce ka zauna ko ka tafi, ko da Injiniya bai so ba?”

“Abin da nake ta faɗa ke nan tun tuni.”

Ta mayar da tabaranta ta ɗauki biro.

Da a nan aka tsaya aka sa hannu a takardun biyu, da ban yi wannan rubutun ba. Amma Kawu ba ya sa hannu a abin da ba a karanta da ƙarfi ba. Takardar wakilci shafi uku ce. Ya sa lauya ta karanta ta tana fassara masa layi layi. Da ta kai ƙarshe ya ce a sake. Na ce, “Kawu, don girman Allah.” Ya ce da ni ba yau ya fara aiki ba. Ta sake. Ya juya ga direba da mai taya ya ce, “Kun ji?” Suka ce sun ji. Ya laluba bayan kunnensa, babu biro, lauya ta miƙa masa nata. Ya sa hannu a hankali, harafi harafi.

Kafin nan sha biyu ta yi. Mai gadi ya leƙo ya ce masu taron 'yan kasuwa suna jira a waje. Lauya ta makara zuwa kotu. Kawu kansa ya fara lumshe ido, yana tambaya ko an ba tsohuwa mai itace haƙuri. Lauya ta ce ta ɗakin a bar ta sai Alhamis mai zuwa, ba za ta sa shi sa hannu a gajiye ba.

Alhamis mai zuwa muka dawo da shaidunmu. Kawu ya gaishe da lauya da ladabi, ya tambaye ta ina mitarsu take, ko a bayan gida. Ta yi masa tambaya uku, ta rufe fayil ɗin. Muka sake zuwa sau uku. Rana ɗaya ya gane ta, amma ya ce ɗansa ƙarami yana gida yana jiransa. Bayan nan ƙungiyar ta ce zangon ya ƙare, sai in an sami masu ɗaukar nauyi. Lauya ta ba ni lambarta ta ce in ya wayi gari garau in kira ta ko ina take. Wata biyar ke nan lambar tana wayata. Ban sami safiyar da zan kira ba.

Ƙarshen shekara Injiniya ya zo da mota kamar yadda ya ce. Na ajiye masa takardar wakilcin a kan teburin nan mai gajeriyar ƙafa. Ya karanta, ransa ya ɓaci, ya ce an haɗa baki an zagaye shi. Na ce ba wanda ya zagaye shi, shi ne bai zo ba. Ya dubi Amarya ya ce to ita me ta ce. Tana kallon ƙasa ta ce Baba ya ce a nan yake so. Ya kwana biyu ya koma shi kaɗai.

To ga inda muke. Kawu yana gidansa, a ɗakinsa. Amarya tana nata ɗakin, amma zamanta a ciki iyakarsa numfashin Kawu. Ta san haka, ba ta taɓa furtawa ba. Ranar Talata har yanzu yana sa hula da hantsi, sai ta zaunar da shi a tsakar gida ta ce Malam ya yi tafiya, ya ba ta labarin famfon farko. Ta ji shi ya fi sau ɗari. In ya gama ya ce, “Kin ji?” ta ce, “Na ji, Baba.”

Littafin tarihin unguwa ya fito, shafi sittin. Kawu yana shafi na arba'in da ɗaya, layi shida, da hoton famfo.

Watan jiya na tura wa Injiniya minti taran nan ba tare da na rubuta komai ba. Kwana huɗu suka wuce. A na biyar ya kira ni ina tagar kati, layi ya kai bakin ƙofa.

Ya ce, “Na saurara.”

Na ce, “To?”

“Sau biyu ya faɗa.”

“Haka yake yi. Sai me?”

Ya ja numfashi. Ya ce ya lura rufin ɗakin Amarya yana yoyo ta kusurwa, in gaya mata zai turo a canza kwanon kafin damina. Ya ce ba wanda zai ɗaga ta, in kwantar da hankalina.

Na ce, “Ka rubuta. Ina da lambar lauya.”

Ya yi dariya ya ce, “Ke dai Mai Kati, Baba ya yi gaskiya a kanki. Ba ga shi na faɗa miki ba?”

Na ce na ji. Na kuma ce masa ranar Alhamis zan sake kira, da Alhamis ta bayanta, har sai ya gaji ya sa hannu. Sannan na ajiye wayar na ce na gaba ya matso.